Na Sayar da Mota, Na Koma Fadama

A ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan, idan yaro ya tafi birni aiki ba a cika tambayarsa nawa yake ɗauka a wata ba. Jira ake yi a ga abin da zai shigo gari da shi ranar jajibirin Sallah. In ya sauko daga motar haya da jakarsa a kafaɗa, sai a yi masa sannu da zuwa. In kuwa da tasa ya shigo, yara su bi ƙurarta har ƙofar gida, dattawa su ce wane ya zama mutum. Da wannan ma'auni aka rene mu a Malikanchi, da shi kuma na daɗe ina auna kaina.

Ma'aunin yana da asali. Iyayenmu sun ga zamanin da aikin albashi da mota suke tafiya tare. Rahoton Udoji na 1974 ya jawo wa ma'aikata ƙarin albashin da ba su taɓa ganin irinsa ba. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, gwamnati tana ba ma'aikaci bashin mota, fetur kuma kwabbai ne. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, masaƙun Kakuri suna aiki dare da rana. Malamin makaranta da malamin gona da akawu duk suna iya dawowa gida da Fijo 504 sabuwa dal, ba tare da sun taɓa abincin iyalinsu ba. Daga baya masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, bashin mota ya zama labari, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma 'yar Kwatano. Duniyar da ta haifi ma'aunin ta wuce, amma ma'aunin yana nan daram a zukatanmu.

Na yi karatun lissafin kuɗi a Zariya, na samu aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna. Da ƙafata ta ɗan tsaya na ci bashi daga asusun taimakon juna na ma'aikata, na haɗa da abin da na tara, na sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano. Ta yi mini rana, ba zan yi mata butulci ba. Da ita na riƙa kai Inna asibitin koyarwa na Shika lokacin da ciwon ƙafa ya matsa mata, tana kishingiɗe a baya ba mai matse ta. Da ita na kai maiɗakina gidajen suna da na rasuwa cikin mutunci. Farin cikin da na gani a fuskar mahaifina ranar da na fara ajiye ta a ƙofar gidanmu ma dukiya ne, ba zan raina shi ba.

Sai dai aikina lissafi ne. A ofis kowace motar kamfani tana da shafinta: abin da ta sha, abin da aka gyara mata, abin da ta kawo. Wata rana da daddare na buɗe wa tawa irin wannan shafi. Na rubuta fetur. Na rubuta juye da baƙin mai. Na rubuta taya da batir da birki, da sabunta takardu da inshora, da abin da ake cire mini na bashi duk wata. Na tuna da Asabar ɗin da na wuni a gareji a kan benci, makanike yana ƙarƙashin mota ƙafafunsa kawai nake gani, yaronsa yana ta kai-kawo Panteka, ya dawo ya ce wannan ƙarfen ba irinsa ba ne, a ƙaro kuɗi. Ita ma na rubuta ta. Da na zo ɗaya ɓarin shafin, inda ake rubuta abin da mota ta kawo, alƙalamina ya tsaya. Tana kai ni ofis da safe, ta wuni a rana, ta dawo da ni da yamma, ta kwana a waje ina saurarenta da kunne guda. Mota a hannun ɗan albashi kamar doki ce a turke: ko ba a hau ba, sai an yi mata ciyawa.

Akwai kuma kuɗin da ba su da rasiɗi. Mai mota ba ya cewa babu a yarda da shi. In ya tsaya sayen doya a bakin titi, farashin da za a gaya masa daban ne da na wanda ya zo a ƙafa. In an zo yankan gudummawar biki ko ta jinya a dangi, da motarsa ake yanka masa, ba da albashinsa ba. Ban ga laifin kowa ba, ni na ɗaga tutar da ta ce ina da shi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, duk wani ƙarfen mota da ake shigowa da shi daga waje ya bi dala ya tashi. Mafi ƙarancin albashi yana naira 30,000 har sai a Yulin 2024 aka mai da shi 70,000. Wato tankin lita 50 kaɗai ya kusa haɗiye sabon albashin ƙaramin ma'aikaci. Mu da muke ɗan sama da haka ma mun ji a jikinmu. A layinmu motoci suka fara kwana su wuni a lulluɓe, tawa tana cikinsu.

A nan na fara koyon darasin farko. Kaduna ba ta tsaya ba don na ajiye mota. Daga Kawo akwai bas da ke bin titin Ali Akilu da Ahmadu Bello har kasuwa, akwai Keke Napep a kowane lungu. Ba zan ce da daɗi ba. Akwai matsi, akwai zafin watan Afrilu, akwai ruwan Agusta da ke kama mutum a tasha, akwai fargabar masu ƙwacen waya bayan magariba. Amma ina isa ofis a kan lokaci, kuma a ƙarshen wata sai na ga saura a hannuna, abin da na daɗe ban gani ba. Abin da ya fi yi mini nauyi ba zafi ba ne, ba matsi ba ne. Idon mutane ne. Ranar da wani abokin aiki ya tsaya da motarsa ya ce in shigo ya rage mini hanya, na ji kamar an kama ni da laifi. Da na zauna na binciki wannan kunya, sai na tarar babu komai a cikinta sai tsoron kada a ce wane ya karye.

Kada a ɗauka ina cewa babu ɗan birnin da yake bukatar mota. Likita ko ma'aikaciyar jinya da ake kira da tsakar dare suna bukata. Mai tsohuwa marar lafiya a gida yana bukata. Wanda haya ta kora zuwa bayan gari, inda abin hawa ke ƙarewa da isha'i, yana bukata. Mata kuma suna shan wahalar motar haya fiye da maza. Saboda wannan ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo baburan A Daidaita Sahu a Kano, don mata su samu abin hawa na mutunci, kuma da aka hana acaɓa a birnin a Janairun 2013 su ne suka ɗauki garin baki ɗaya. Dubi Kano a yau: miliyoyin mutane suna fita nema suna dawowa, mafi yawansu ba su da mota, wasunsu kuma sun fi masu motar arziki. Tambayar da ta kamata ɗan birni ya yi wa kansa ita ce: wane aiki motar nan za ta yi mini da ba zan iya biyan wani ya yi mini ba ranar da bukatar ta taso? Ni da na amsa wa kaina tsakani da Allah, sai na ga ko shatar mota zan riƙa ɗauka duk ranar da za a kai Inna asibiti, ban kai rabin abin da nake kashewa ba.

Darasi na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ya canza mini rayuwa. Na daɗe da sanin cewa aikin ofis ɗin nan ba ya kai ni ko'ina. Albashi yana tafiyar hawainiya, kasuwa tana gudu. Zuciyata tana gida, a fadama, inda na tashi ina bin Kawu ban ruwa. Amma duk lokacin da tunanin barin aiki ya zo, sai in tuna da bashin mota da cin da take yi, waɗanda ba sa jiran kaka, sai ƙarshen wata. In kuma na yi tunanin rabuwa da motar, sai in tuna matsayina a ofis da abin da za a ce. Motar tana riƙe da ni a wurin aiki, aikin yana riƙe da ni a cikin motar. Na tabbata akwai mutane da yawa a Kaduna da Kano da Abuja da suke cikin wannan ɗauri, suna zaton sana'arsu ce ta riƙe su, alhali kayan da suka ɗora wa albashin ne.

Da maiɗakina na fara shawara, domin ita za ta fi kowa ji a jikinta. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Malam, in dai abincin yara da karatunsu ba za su taɓu ba, ni ban auri mota ba. Amma ka je ka ji ta bakin manya." Na je wurin Kawu, na same shi a bakin lambu, na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa abin da ke raina. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, kada ka saki reshe ka kama ganye. Noman da ka sani na yarinta ne, lokacin kai ake aika. Ka zo ka yi rani guda a bayana, albashinka yana shigowa. In ka ga asara da idonka ba ka gudu ba, sannan mu yi magana."

Haka aka yi. Na sayar da motar, na biya ragowar bashi, na sayi injin ban ruwa da tiyo da taki da iri, na ajiye wani abu da na yi wa kaina alkawarin ba zan taɓa ba sai don abincin gida. Ranar Juma'a in an tashi aiki in hau motar haya, in bi ta Zariya, in sauka Tashar Yari in nemi ta Makarfi, daga nan in ƙarasa gida. Na sake koyon abin da nake zaton na sani: yadda ake renon tumatir kafin dashe, yadda ake jan fangali don ruwa ya kai ƙarshe bai kwanta ba, lokacin zuba taki, da yadda ake juya ganye a duba ƙarƙashinsa. Manoman yankinmu ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Tun daga lokacin duk mai lambu da sassafe yake zagaya shukarsa, yana neman farin zanen da tsutsar ke bari a cikin ganye.

Asarar da Kawu ya ce sai na gani, na gan ta. Ba tsutsa ce ta kawo ta ba, albarka ce. Tsakanin Fabrairu da Maris tumatirin kowa yake nuna a lokaci guda, daga ƙasar Ikara har Kadawa da Kwanar Gafan ta Kano. Kwanduna su yi layi a bakin hanya, rana tana dukansu, dillali yana tafe yana ɗaga ganyen da aka rufe baki da shi, ya taya yadda ya ga dama, domin ya san kayan ba sa kwana biyu. Na tsaya a kan kwandunana ina kallon ruwa yana tsiyaya ta ƙasansu, babbar motar da za ta yi Legas ba ta cika ba balle ta tashi. Wanda ya ƙi sayarwa sai ya yanka ya shanya ya yi kauɗa. Masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin Kaduna ta gina a Ikara a farkon shekarun 1980 don maganin irin wannan rana ta shafe shekaru masu yawa a rufe. A wannan bakin hanya na gane inda abin hawa yake da daraja ta gaskiya. A birni mota ta wuni tana jirana. A nan dukiyar mutane ce take ruɓewa tana jiran mota.

Darasi na uku shi ne, wanda ya canza sana'a ba ya zuwa hannu rabbana. Na zaci shekarun da na yi a ofis sun tafi a banza. Ashe abin da na iya shi ne abin da ya yi ƙaranci a fadama. Kawu ya san ƙasa, ya san ruwa, ya san iri, ko kusa ban kama ƙafarsa ba. Amma bai taɓa rubuta nawa kwando guda ya ci masa ba. Muka zauna da littafi bayan la'asar, yana faɗa ina rubutawa: hayar fili, iri, taki, maganin feshi, fetur ɗin inji, 'yan ƙwadago, kuɗin kwando, la'ada, dako. Da muka raba da yawan kwandunan da ya ɗiba, ya riƙe baki, domin ya ga akwai ranakun da yake sayarwa yana murna alhali ƙasa da uwar kuɗi ya sayar. Daga nan maƙwabtan lambu suka fara kawo nasu lissafin. Sannu a hankali muka fara haɗa kai: mu sayi taki tare, mu rarraba lokacin dashe don kada kayanmu su nuna rana ɗaya, mu yi magana da masu saye tun kafin a tsinka, mu ɗauki shatar mota guda maimakon kowa ya jira sa'arsa. Sai da na ga wannan ya tsaya da ƙafarsa na rubuta takardar ajiye aiki, na yi sallama da mutanen ofis lafiya lau.

Yau babur nake hawa, kuma ina da kaso a wata tsohuwar a-kori-kura da muka haɗa kuɗi muka saya. Ba ta da kyan gani, amma shafinta a littafi yana da ɓari biyu cikakku. Tana kai taki gona, tana fito da masara, tana ɗaukar rake a Makarfi da Hunƙuyi in namu aikin ya yi sauƙi. Tana kuma yin aikin da ba a rubutawa. An taɓa buga mini ƙofa da tsakar dare, matar wani maƙwabci naƙuda ta yi tsanani. Aka shimfiɗa katifa a bayan motar, mata biyu suka riƙe ta, muka kama hanyar babban asibitin Ikara a hankali saboda ramuka. Allah ya sauke ta lafiya. A Kaduna da mun fita bakin titi mun samu abin hawa. A ƙauye in babu mota a kusa, sai babur ko addu'a. Shi ya sa a wasu jihohin Arewa aka shigo da direbobin ƙungiyar NURTW cikin shirin kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. In ana maganar wanda yake bukatar mota, a fara da ƙauye.

Ba zan yaudari kowa da cewa na faɗa cikin daula ba. Fetur ɗin da na guda a birni ya biyo ni fadama, domin injin ban ruwa ma shi yake sha. A 2025 farashin masara ya faɗi ƙasa warwas alhali taki yana sama, manoma da yawa ba su mai da kuɗinsu ba, mu ma ta taɓa mu. Babu saƙon banki a ƙarshen wata, babu fansho sai wanda mutum ya tanada wa kansa. Yarana sun bar makarantar da suka saba, maiɗakina ta bar 'yan'uwanta da ƙawayenta a birni, kuma wannan bashi ne a kaina da nake fatan Allah ya ba ni ikon biya. Akwai waɗanda har yanzu in na wuce a kan babur suke cewa wane ya dawo, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Abin yana sosa rai, amma ba ya hana barci. Abin da yake hana barci shi ne bashin kuɗi, kuma ba ni da shi.

Ga wanda yake tsaye inda na tsaya, abin da zan ce kaɗan ne. Ka buɗe wa motarka shafi, ka rubuta gaskiya na 'yan watanni, ka bar lissafi ya yi magana. In ta wanke kanta, ka riƙe ta da godiya. In ba ta wanke ba, ka sani ba mutuncinka za ka sayar ba, ƙarfe ne. In kuma zuciyarka tana wata sana'a, kada ka yi tsalle cikin duhu. Ka rage kayan da ka ɗora wa albashinka tukuna, domin mai nauyi a ka ba ya iya juyawa. Ka nemi wanda ya iya, ka zauna a bayansa ka ƙasƙantar da kai, ko da ka fi shi takardu. Ka tanadi abincin gida na watanni, ka shawarci wadda za ku sha wahalar tare, sannan ka tambayi kanka abin da za ka kai wa sabuwar sana'ar wanda babu shi a can.

Mu 'yan wannan yanki da muke birni muna da yawa, kuma dukiyar da muka daskarar a cikin motocin da ke lulluɓe a ƙofar gidajen haya ba kaɗan ba ce. Da wani ɓangare nata zai koma injin ban ruwa, da rumbun ajiya, da motar ɗaukar kaya ta haɗin gwiwa, da wurin busar da tumatir mai tsabta, da matasanmu da yawa ba su tafi acaɓa a garuruwan mutane ba. Fadamun Ikara da Makarfi da Kudan suna da ruwa, suna da ƙasa, suna da hannaye. Jari da lissafi suka rage, kuma su biyun suna hannunmu. Allah ya ba mu ikon sanin abin da muke bukata, ya raba mu da wahalar abin da ba mu bukata.